Buntun Shinkafa da Ruwan Rini: Nazarin Wata Marina a Argungu

Marinar tana bayan gari ne, a gefen Argungu da ƙasa ke gangarawa zuwa fadama. Ba irin tsohuwar marina ba ce mai ramukan baba da toka. Duro ne na ƙarfe a kan murhu, da bahunan roba, da igiyoyin shanya. Shadda aka fi rinawa, jefi-jefi kuma a kawo yadi fari ko kabar saƙar tabarma. A ranar aiki sukan zubar da ruwan tukunya kamar jarka huɗu, wato lita 100, sai ruwan ɗauraya da ya kai duro biyu da rabi, lita 500. Duka kwata ɗaya suke bi. Kwatar ta ratsa bayan gidaje uku, ta wuce kusa da wata rijiya, sannan ta faɗa kududdufin da ke haɗewa da fadama in damina ta yi nisa.

Maƙwabta suka kai ƙara wurin mai unguwa. Kwatar na wari, ciyawar bakinta ta ƙone, yaran da ke tsallaka ta ba takalmi tafin ƙafarsu na saɓulewa, awaki kuma na shan ruwan. Aka ba masu rinin zaɓi: su gyara ruwansu ko su tashi.

Tunanin gyara ruwan da buntun shinkafa bai zo da wahala ba, don a ƙasar Kabi ko'ina akwai shi. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera buntu ne, ke nan duk buhu biyar da aka casa an bar nauyin buhu guda a bayan inji. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, aka kuma buɗe babban kamfanin casar shinkafa na WACOT a nan Argungu a 2017, noman ya ƙara bunƙasa, buntun ma haka. Sannan an daɗe da tabbatarwa a ɗakunan bincike cewa buntu, da ɓawon gyaɗa, da totuwar masara suna kama launi daga cikin ruwa.

Gwajin farko da abin da ya kashe shi

Abin da aka fara yi shi ne abin da kowa zai fara yi. Aka haƙa rami a bakin kwatar, aka cika da buntu buhu uku kai tsaye daga injin casa, aka saki ruwan a kai. Ranar farko ruwan ya fito da ɗan haske. Kwana uku bayan nan ya koma ruwan ƙasa-ƙasa kamar shayi, launin rinin na biye da shi, ramin ya fara tsami, saman buntun ya yi yauƙi, ruwan kuma ya sami hanyarsa ta gefe yana wucewa ba tare da ya ratsa komai ba.

Kuskure huɗu ne suka taru a ramin. Na farko, ƙananan injinan casa masu bututun ƙarfe ba sa raba buntu da dusa, tare suke fitar da su, dusa kuwa da ta jiƙe sai ta ruɓe, balle a zafin Afrilu da kan haura digiri 40. Na biyu, ruwan tukunya yana da kaifin soda, ma'auninsa na pH, wato awon kaifi ko tsamin ruwa, kan kai 11 zuwa 13, kuma soda mai zafi tana narkar da wani sashe na jikin buntun. Wannan launin shayin daga buntun kansa ya fito. Na uku, buntu ba shi da nauyi, tasowa yake yi, ruwa kuma ba ya bin hanya mai wuya in akwai mai sauƙi. Na huɗu shi ne babba: an ɗauki buntu a matsayin rariya. Ba tace launi yake yi ba. Ƙwayoyin launin ne ke manne wa fatarsa, kuma mannewar tana da sharaɗi. Ba kowace galura ke yarda ba.

Galura uku, hali uku

A marinar nan galura iri uku ake aiki da su, ko da yake duk sunansu galura a bakin mai saye.

Akwai wadda ba ta narkewa sai an haɗa ta da soda da farar hodar nan mai wari da ake kira haidiros. Ita ce ta yawancin shadda. Halinta irin na baba ne: a cikin tukunya tana narke, zane ya fito da wani launi daban, sai ya sha iska sannan ainihin launin ya bayyana, domin iska na mayar da ita ƙwayoyin da ba sa narkewa. Abin da ke faruwa a jikin zane shi zai faru a cikin ruwan da aka zubar in aka ba shi iska. Wannan galura ba ta buƙatar buntu sosai. Iska take so da kwana ɗaya, ta kwanta da kanta. Wanda ya tura ta cikin buntu tana ɗanya toshe shi kawai zai yi.

Akwai wadda ake zuba wa gishiri da yawa, giram 30 zuwa 80 a kowace lita, da sodar wanki. Launinta na da haske, ja da ruwan goro da shuɗi mai ƙyalli. Ba duka take kama zane ba, daga kashi 10 har zuwa kusan rabi na iya tafiya a ruwa. Cajin lantarkin da ƙwayoyinta ke ɗauke da shi negetif ne, fatar buntu ma negetif ce matuƙar ruwan ba mai tsami ba ne, don haka ture juna suke yi. Ita ce mai wahalar.

Ta uku ita ce ta rina kaba da fata, mai kama yatsa nan take. Cajinta fozitif ne, buntu na kama ta kamar ƙaya da riga. Yawancin sakamakon bincike masu daɗin ji da ake yaɗawa a kan irin wannan aka same su, musamman wadda ake kira metilin bulu, inda giram ɗaya na buntu ke iya riƙe kimanin miligiram 40. Amma a ruwa mai tsabta aka auna, ba gishiri, ba soda, ba sitacin shadda. Duk wanda ya gina lissafin marinarsa a kan wannan adadi zai sha mamaki.

Bambance su ba ya buƙatar na'ura. A zuba ruwan rabin gorar roba mai haske, a girgiza na minti biyar ana buɗewa iska na shiga, a ajiye ya kwana. In gari ya waye launi ya kwanta a ƙasa sama ya washe, ta haidiros ce. In bai motsa ba, a jefa tafi guda na wankakken buntu. Buntun ya rine ruwan ya dishe cikin awa ɗaya, ta kaba ce. Bai kwanta ba, buntu bai kama ba, to ta gishiri ce.

Sabon tsari: buntu ne na ƙarshe

Gyaran farko bai ci ko sisi ba. Aka daina haɗa ruwan tukunya da na ɗauraya. Lita 100 ɗin nan ita ke ɗauke da mafi yawan launi da soda da gishiri. In ta shiga cikin lita 500 sai a sami lita 600 na matsala. Aka ware duron roba biyu don ruwan tukunya, ɗaya na galurar haidiros, ɗaya na ta gishiri. Ruwan ɗauraya ya sami nasa duro uku.

Ruwan haidiros ana barin sa ya huce, sannan a riƙa ɗebo shi da bokiti ana kwarara shi daga sama, minti goma sha biyar, sau uku ko huɗu a wuni, har warin ya lafa. A nan akwai ƙa'idar da ba a karyawa: ba a zuba asid a ruwan da haidiros ɗinsa bai mutu ba. Yin haka na tayar da iskar farar wuta mai shaƙe maƙogwaro da ƙona ido. Iska tukuna, asid daga baya. Akwai ma riba a jiran, don yayin da haidiros ke mutuwa yana cinye wani sashe na sodar, asid ɗin da za a saya ya ragu. Washegari a tsiyaye ruwan sama ta famfon da aka sa a kamu ɗaya daga gindin duron, a bar dagwalon. Wannan ruwan saman ne ake haɗawa da na ɗauraya.

Sai rage kaifin soda. Ana buƙatar takardar gwajin pH, wadda ake samu wurin masu sayar da kayan ɗakin gwaji na makarantu. Dokar da hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, ta fitar a 2009 kan masana'antun tufafi da fata ta ce ruwan da za a saki ya tsaya tsakanin 6 da 9. Asid mafi sauƙin samu shi ne sabon ruwan batir. A lissafi, kilo ɗaya na soda da bai mutu ba zai ci kusan lita biyu da rabi, amma ba a aiki da lissafin, ana zubawa ne rabin kofi rabin kofi, a juya, a auna, har a sauko wajen 8. Asid ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba, da safar hannu ta roba da tabarau. Kuma sabo, ba wanda aka juye daga mataccen batir ba. Na tsohon batir dalma ce a cikinsa, kuma mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a tuna musu abin da dalma ta yi wa yara a Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010.

Daga nan sai alif, wanda mata suka sani wajen kwantar da ruwan gulbi. Ba ya aiki a ruwa mai kaifin soda, shi ya sa aka jinkirta shi zuwa yanzu. A narka shi a bokiti tukuna. Adadin yakan faɗa tsakanin giram 40 da 200 a duro, gwajin gora ne zai nuna daidai. A juya da ƙarfi minti ɗaya, a juya a hankali minti goma sha biyar, a bar shi awa biyu. Zai tattara sitaci da burbushin launi da wani kaso na galurar gishiri su kwanta. Garin ƙwayar zogale ma na kama galura mai caji negetif, sai dai ruwan da aka sa masa zogale ba ya jure ajiya, kwana biyu ya fara wari.

Ruwan da ya bi waɗannan matakai ne kaɗai ya cancanci ya ga buntu.

Gyaran buntun

An gwada shi ɗanye an kuma gwada gawayinsa. Ɗanyen sai an sheƙe dusar, an wanke har ruwan wankin ya daina yin ja, an shanya ya bushe ƙarau. Yana kama galurar kaba, amma kwanakinsa a cikin ruwa ƙidayayyu ne kafin ya fara ruɓa. Gawayin ne aka tsaya a kansa, don ba ya ruɓa, ba ya zubar da launin kansa, kuma ƙananan ramukan da wuta ta buɗe a jikinsa na riƙe har da wani abu na galurar gishiri.

Ƙona shi na son kula. Maƙeri zai yi mazugi na langa-langa mai huda-huda, da bututun hayaƙi a kansa mai tsawon mita ɗaya da rabi. A hura wuta da ƙirare, a kifa mazugin a kai, a tara busasshen buntu kewaye da shi. Wutar na ci ne daga ciki zuwa waje ba tare da harshe ba. Duk inda baƙi ya ɓullo a saman tulin, a rufe shi da ɗanyen buntu daga ƙasa. Buhu shida zuwa takwas kan ɗauki awa huɗu zuwa shida. Da tulin ya yi baƙi gaba ɗaya, a baje shi a yayyafa ruwa sosai. Nan ne aka yi asarar ƙonawa ta farko: aka ga ya yi baƙi aka tafi sallar la'asar, aka dawo aka tarar da farar toka. Tokar buntu kusan duka siliƙa ce, sinadarin yashi, gawayin da ake nema ya tafi a hayaƙi. Wanda ya ƙonu daidai baƙi ne, yana nan da siffar buntunsa, yana murƙushewa a yatsa. Abin da ake samu kusan kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin da aka zuba. A tankaɗe garin da ragar sauro a zubar, don gari ke toshe duro, a rufe hanci lokacin tankaɗen, sannan a wanke sau biyu ko uku, domin sabon gawayi yana da ɗan kaifin toka.

Kada a ruɗu da sunan. Wannan bai kai gawayin masana'anta da ake sayarwa don tace ruwa ba, wanda ke riƙe ninki da yawa. Abin da ya fi shi da shi kawai, kyauta ne kuma yana bakin ƙofa.

Duron tacewa

Duron roba ne mai lita 200, faɗin bakinsa kusan santimita 57. A ƙasa tsakuwa santimita 10, a kanta yashi mai kauri santimita 10, sai gawayi santimita 50, sai ragar sauro, sai tsakuwa kaɗan ta danne. Gawayin zai kai lita 130, nauyinsa wajen kilo 15. A jiƙa shi ya kwana kafin a zuba, in ba haka ba zai taso. Bututun fita daga gindi yake, amma a lanƙwaso shi sama har ya kai tsayin saman gawayin. Wannan ɗan lanƙwason ne ke sa gawayin ya zauna cikin ruwa kullum. In ya bushe ya tsage, ruwa zai bi tsagar, a koma gidan jiya.

Ruwan na buƙatar kamar awa ɗaya a cikin gawayin, ke nan lita biyu a minti. Ba sai da agogon ruwa ba: gorar lita ɗaya da rabi ta cika a daƙiƙa 45. Lita 500 za ta ɗauki awa huɗu da 'yan mintuna. Yaran marina sun fi son su buɗe famfon duka su huta, don haka aka ɗaure shi da waya a inda ya dace.

Duro biyu ake jerawa, na farko na zuba wa na biyu. Idan ruwan da ke fita daga na farko ya kusa kama da wanda ke shiga, ya ƙoshi. A kwashe shi, na biyu ya dawo gaba, sabo ya koma baya. Da duro ɗaya, dole a zubar da gawayin tun da sauran ƙarfinsa, da zarar launi ya fara leƙowa.

Lissafi ne ke nuna dalilin duk wahalar da aka sha kafin a zo nan. A ɗauka ruwan ɗauraya na da miligiram 50 na launi a lita. Lita 500 ta ba da giram 25 a rana. A ruwan marina na gaske, hankali shi ne a yi tsammanin giram ɗaya na gawayi ya riƙe miligiram 5, ba 40 ba. Kilo 15 zai riƙe giram 75 ke nan, kwana uku duro ya ƙoshi. Ba marinar da za ta jure ƙona buntu duk bayan kwana uku. In kuwa iska da alif sun sauko da launin zuwa miligiram 10 a lita, duron nan zai kai mako biyu.

Don sanin inda aka kwana ba tare da na'ura ba, a ɗebi ɗanyen ruwan a sirka shi da ruwan rijiya: gora ɗaya rabi da rabi, ɗaya kashi ɗaya cikin huɗu, ɗaya cikin goma, ɗaya cikin ashirin. A jera su gaban farar takarda a inuwa, a kawo ruwan da ya fito daga duro a ga wacce ya yi kama da ita. Da irin waɗannan gorunan ake gwada adadin alif da na gawayi ma, giram 2, 5, 10, 20 a lita, a bar gora ɗaya ba a sa mata komai ba. Wanda ke son adadi na haƙiƙa sai ya kai samfur sashen kimiyyar sinadarai a jami'ar Aliero ko ta tarayya da ke Birnin Kebbi.

Abin da buntu bai ɗauke ba

Ruwan da ke fitowa yanzu garai yake a ido, kuma nan ne haɗarin. Gawayi ba ya cire gishiri, ba ya cire ragowar haidiros da ta rikiɗe. Ba na sha ba ne, ba na dabba ba ne, ba na alayyafo ba ne. Ɓacewar launi ma ba shaida ba ce: galura da dama, in suka kwanta a baƙar lakar kwata inda ba iska, ƙwayoyin cuta na tsinka su launi ya tafi, gutsattsarin da suka rage kuwa wasunsu na cikin masu jawo ciwon daji. Saboda su ne Tarayyar Turai ta hana wasu galurori a tufafi tun 2002. Shuɗin nan mai ƙyalli kuma akwai jan ƙarfe a cikinsa.

Albasa na faɗin gaskiyar da ido bai gani ba. A sami ƙanana guda tara masu girma ɗaya, a kankare tsofaffin saiwoyin, a ɗora su a bakin kwalabe gindinsu na taɓa ruwa: uku a ruwan rijiya, uku a ɗanyen ruwan rini, uku a wanda aka tace. Bayan kwana huɗu ko biyar a auna saiwa. In na tataccen ruwan ba su kai rabin na rijiya ba, kada a sake shi kusa da shuka. Amfanin da aka fi samu da ruwan shi ne mayar da shi ɗaurayar farko ta launuka masu duhu, wanda ya rage kuɗin 'yan garuwa.

Gawayin da ya ƙoshi da dagwalon duro su ne inda launin ya koma, ba ɓacewa ya yi ba. Ba a zuba su a gona da sunan taki, ba a shimfiɗa wa kaji, ba a hura wutar girki da su. Ana shanya su a kan daɓen siminti inda awaki ba sa kaiwa, a ɗure a buhu ƙarƙashin rumfa, sannan a cuɗa kaɗan-kaɗan cikin kwaɓin bulon katanga, ko a binne a ramin da aka daɓe da yumɓu, aƙalla mita 30 daga kowace rijiya, kuma ba a fadama ba.

Abu biyu ne har yanzu ba su daidaitu ba. Makonnin kafin Sallah aiki na ninkawa, duro biyu ba sa ɗauka, sai an tanadi gawayi da ƙarin duro tun watan da ya gabata. Sai ruwan tukunyar galurar gishiri, wanda ba abin da buntu zai yi masa. Shi ana zuba shi ne a faffaɗan daɓen siminti mai ɗan baki rana ta ƙafar da shi, a kankare ɓawon a haɗa da dagwalo. In aka yi lissafi da lita biyar a kowane murabba'in mita a rana, lita 40 a rana na son daɓe mai murabba'in mita takwas. Daga Nuwamba zuwa Mayu yana tafiya daidai. Da ruwan sama ya sauka kuwa sai an yi masa rumfar leda mai haske, buɗe ta gefe, ko a tara ruwan a jarkoki har kaka.